Aikin gidan rediyon gwamnati: in karɓa ko in haƙura?

'Yar_Tudun_Wada:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara na zo nema, don abin ya tsaya mini a rai kwana biyu. Aikin jarida na karanta a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, na gama bautar ƙasa wata huɗu da suka wuce. Tun ina makaranta nake ɗan taɓa aiki a rediyon jami'a, daga nan son abin ya kama ni. To yanzu wani gidan rediyon gwamnati ya ce in zo a ɗauke ni na wucin gadi, a sashen shirye-shiryen karkara, wato noma da kiwo da lafiyar mata da yara. Babu takardar aikin dindindin, alawus ne kawai, kuma aikin na fita ƙauyuka ne a naɗo muryoyin mutane. A gefe guda wata makarantar kuɗi a Sabon Gari ta ba ni koyarwa, albashin ya kusa ninka alawus ɗin. Baba ya ce shi hanyar ƙauyen ce ba ta kwanta masa ba. Mama kuwa cewa ta yi wa ma yake jin rediyo yanzu, kowa yana kan waya. Don Allah wanda ya san aikin nan ciki da bai, ya faɗa mini gaskiya: akwai rayuwa a cikinsa? Kuma mutanen karkarar da za a yi domin su, suna saurare kuwa har yanzu?

Abban_Sadiq:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ki kama koyarwa. Ga albashi, ga shi kina kwana gidanku, ga hankalin iyaye a kwance. Rediyo ba inda za ta gudu.

Ɗan_Fatika:
Ni tambayarki ta biyu zan amsa, don a kaina aka yi. Ki gaishe da Mama, ki ce mata a cikin Zariya ne kowa yake kan waya. Ƙarshen Satumbar 2021 da gwamnati ta katse layukan waya a yankinmu saboda 'yan bindiga, aka hana hawa babur, aka dakatar da kasuwannin mako, wallahi kusan wata biyu muka yi kamar an kife mana ƙwarya. Ba kira, ba saƙo, ba a turo kuɗi. In kana son magana da ɗanka da ke Kano sai ka yi tattaki zuwa inda sabis yake. Abin da ya rage mana shi ne akwatin rediyo. Da ita muka san abin da aka hana da abin da aka sassauta, da ita muka ji ranar da za a maido da layi. Akwai wani dattijo a unguwarmu, rasuwar ƙanensa da ke Kaduna a sanarwar rediyo ya ji ta, bayan an yi kwana biyu da binnewa. Batir ya yi tsada a lokacin har mutane suna haɗa kuɗi su saya, a kunna guda ɗaya a dandali bayan isha'i, kowa ya zo da tabarmarsa. Haka da aka zo canjin kuɗi a farkon 2023, tsofaffi nawa ne suke da waya mai intanet? A rediyo suka ji an ƙara wa'adi daga 31 ga Janairu zuwa 10 ga Fabrairu. To masu saurare suna nan, ba su ragu ba. Masu yi musu magana ne suka yi ƙaranci.

Hajiya_Gyallesu:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ɗan_Fatika ka tuna mini da kakata, ita ko girki take yi rediyonta na rataye a jikin turmi.

Matashin_Kwangila:
Ku yi haƙuri, amma a faɗi gaskiya komai ɗacinta. Eh, mutanen ƙauye suna jin rediyo, amma wace? Ku je ku duba da asuba da kuma daren Allah, BBC ce, sai Jamus da Faransa. Na gwamnati me ake ji a ciki? Gwamna ya ce, kwamishina ya yaba, shugaban ƙaramar hukuma ya yi kira. An kashe mutum goma a ƙauye, labarin farko shi ne an ƙaddamar da kwamiti. Yarinya mai ƙwazo ta shiga nan, shekara uku an mayar da ita mai karanta takardar da aka miƙo mata.

TsohonFurodusa:
'Yata, sannu da wannan tunani. Shekara 31 na yi a wannan aiki kafin in ajiye, kuma fiye da rabinsu a irin sashen da ake kiranki ne, don haka ki yi haƙuri da tsawon bayanina.

Da farko abin da Matashin_Kwangila ya faɗa ba ƙarya ba ne, amma ɗakin labarai yake nufi. Gidan rediyo kamar gidan gandu ne, ɗakuna ne da yawa. Ɗakin labarai shi ne idon hukuma yake kai dare da rana. Sashen karkara kuwa ba wanda ya cika leƙa shi, kuma a nan ne mutum yake samun sararin yin aikin da zai amfani jama'a.

Ki san asalin abin. Da gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, ba don mutanen birni aka yi ba. Jarida tana nan tun kafin nan, Gaskiya Ta Fi Kwabo a nan garinmu aka fara buga ta a 1939, amma mutum nawa ne suke karanta boko a ƙauye? Rediyo ita ce ta tsallake wannan katanga. Mu da muka taso muna jin Jakar Magori da Zaɓi Sonka, mun san yadda wasiƙu suke zuwa daga Nijar da Kamaru da Chadi har Gana. Mutum yana ruga ko tungar masunta, ya ji an kira sunansa da na ƙauyensu, ya san duniya ta san da zamansa. A 1978 aka haɗe gidan cikin rediyon tarayya, jihohi kuma kowace ta kama nata.

Ni da na fara, shirin noma a zaune muke yin sa. A gayyato masani, ya zo da takardarsa, ya ce a zuba buhu kaza na taki a eka, a yi feshi sati kaza bayan shuka, mu ce madalla, a sa kiɗa a rufe. Wata rana aka tura ni wani ƙauye ta wajen Soba da rakoda irin ta da, mai faifan zare, wadda in ka rataya ta sai kafaɗa ta yi tsami. Na sami wani dattijo a bakin gonarsa, na ce Baba kana jin shirinmu? Ya ce yana ji. Na ce yana amfanarka? Ya yi shiru, sannan ya ce: "Ɗana, kuna magana ne da mai buhu shida. Ni tiya biyar na iya saya. Ba wanda ya taɓa gaya mini yadda zan yi da tiya biyar." Sai ya ja ni cikin gonar ya nuna mini ciyawar wuta-wuta ta cinye masa dawa, ya ce wannan fa?

Wannan magana ita ta sauya mini aiki. Na dawo na sa muryarsa yadda take, ban yanke ko tari ba. Na ɗauki faifan na kai Samaru na kunna wa masu binciken noma, na ce ga tambaya, ku amsa wa mai tiya biyar. Suka yi bayanin yadda zai riƙa ɗiban taki kaɗan yana binnewa a gindin kowace shuka maimakon watsawa, da haɗa shi da takin gida, da juya gona da waken suya ko gyaɗa don a rage ƙarfin wuta-wuta. Sati uku bayan nan wasiƙun da muka samu sun fi na wata shida. Tun daga ranar tsarin shirin ya zama ke nan: tambaya daga gona, amsa daga masana, sannan mu koma gonar bayan girbi mu ji ko amsar ta yi aiki. Wani lokaci ba ta yi ba, kuma mu faɗa.

Ke da kike Zariya ma kin fi kowa sa'a. Cibiyar binciken noma ta IAR tana Samaru, su suka fitar da irin masarar SAMMAZ da dawar SAMSORG da waken SAMPEA. NAERLS tana nan, aikinta ke nan isar da bincike ga manomi. NAPRI tana Shika don dabbobi. Asibitin koyarwa yana Shika. Da kuɗin Keke Napep za ki haɗa manomin Kudan da farfesa. Wakilin da ke wata jihar sai ya yi tafiyar yini kafin ya sami haka.

Kuɗi kuwa, ba zan ruɗe ki ba, ban tara ba. Gidan da nake ciki sai da na yi ritaya na ƙarasa shi.

Mai_Rakoda:
Baba TsohonFurodusa, Allah ya ƙara girma. Amma zamaninku an ɗauke ku da takarda, akwai motar ofis, akwai kuɗin kwana. Bari in gaya mata yadda abin yake yau, don ni ina ciki. Shekarata shida ina "wucin gadi". Duk shekara a ce ana jiran amincewa daga sama. Alawus ya kan yi wata uku bai fito ba. Motar fita aiki ɗaya ce, kuma ta ɗakin labarai ce, ranar da babban mutum yake da taro ba mai ganinta. Da wayata nake naɗar murya, da kwamfutata nake tacewa, datar da nake turawa da ita daga aljihuna take. Wani lokaci ma ce maka za a yi ka nemo wanda zai ɗauki nauyin shirinka, in ba haka ba a sayar da filin ga mai maganin gargajiya ko sojan baka.

Sai babbar jarrabawa, ambulan. Ka je taro a miƙo maka a ce kuɗin mota. Ranar da aljihu ya bushe, ƙin karɓa sai mai tsoron Allah sosai. In ka karɓa kuwa, gobe mutanen ƙauye suka ce rijiyar burtsatsen da ya ce ya gina ba ta ba da ruwa, da wane baki za ka sa muryarsu?

Ba cewa nake kar ki zo ba. Amma kafin ki ce to, ki tambaye su abu huɗu, kuma ki nemi a rubuce: nawa ne alawus kuma yaushe ake biya, wa ke biyan kuɗin mota in an tura ki ƙauye, kwana nawa za ki yi a mako, kuma cikin 'yan wucin gadin da ke wurin mutum nawa aka tabbatar a shekara biyar da ta wuce. Amsar ta ƙarshen nan ita za ta nuna miki komai.

Abban_Sadiq:
Kin ji ko? Shekara shida. Abin da nake gudar mata ke nan.

Injiniya_Mai_Ritaya:
Akwai abin da ba ku taɓo ba, kuma shi ne ginshiƙi. Ki tambaye su a kan wane zango shirin zai fita. FM a miƙe take tafiya kamar hasken fitila, iyakarta inda tsawon eriya da ƙarfin injin suka kai, dutse ko tudu ya tare ta shi ke nan. Shi ya sa Queen FM ta nan Zariya ko Karama FM ta Kaduna za ki ji su tangaran a gari da kewaye, amma kina nisa sai su fara shashshaƙa. Matsakaicin zango kuwa bin ƙasa yake yi, da dare kuma ya ƙara nisa don sama tana maido da shi. Gajeren zango shi ne mai tsallaka ƙasashe. Abin da ya sa wasiƙun da Malam Furodusa ya ambata suke zuwa daga Gana ke nan: a lokacin rediyon Kaduna tana fita a gajeren zango, mita 49, kilohaz 6090, ga kuma kilohaz 594 a matsakaicin zango daga injinan Jaji.

Matsalar ita ce injin AM, wato na matsakaici da gajeren zango, cin wuta gare shi ba kaɗan ba. Tun da dizal ya yi tashin gwauron zabo, gidaje da yawa a Arewa sun rage awoyinsa ko sun jingine shi sun koma FM, don ta fi arha kuma masu talla a birni suke. To sai ka ga an shirya wa makiyayin da ke cikin daji shiri, amma mai shago a PZ cikin Zariya ne kaɗai yake iya kama shi. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Ɗan_Ruga:
Injiniya ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Mu rediyo a kafaɗa take, tare da sanda da gora. Babana bai taɓa shiga aji ba, amma ya san sunan shugabannin ƙasashen da ni da na yi sakandare ban sani ba. Shirin Don Makiyaya a Ruga na hukumar ilimin makiyaya da ke Kaduna, da shi aka shawo kan dattawa da yawa suka bar yara suka shiga makaranta, ni ma ina cikinsu. Kuma ranar rigakafin ciwon huhu na shanu, in ba a rediyo aka faɗa ba, ba za mu ji ba sai an gama. Abin da nake roƙon 'yar'uwa in ta shiga, kar a riƙa tuna mu sai ranar da aka yi rikici. A zo a tambaye mu batun cutar sammore da ciwon hanta da burtalin da aka nome da mashayar da aka toshe. Kuma ta koyi ko gaisuwa ce da Fulfulde. Ki ce wa tsohuwa "jam waali" ki ga yadda za ta saki jiki.

Malamin_Hausa_Kongo:
Tunda an zo batun harshe, 'yata ki shirya. Mu Zazzagawa an san mu da rashin bambance namiji da mace a magana, mu ce "matana", mu ce "rigan", mu ce "mota ya zo". A gaban makirfo daidaitacciyar Hausa ake so, kuma masu saurare ba sa yafiya, har waya za su bugo su gyara miki. Sannan fassara. Labari yana zuwa da Turanci, a ba ki minti goma. Na taɓa jin an fassara sanarwar hukumar hasashen yanayi kalma da kalma, har na tabbata ba manomin da ya gane ko shuka ake ce masa ya yi ko jira. Abin da yake son ji shi ne: ruwan farkon nan na yaudara ne, kar ka zuba irinka duka, jira damina ta zauna.

Ɗan_Ƙofar_Gayan:
Malam, ni fa ban yarda a ce Hausarmu gyara take buƙata ba. Sakkwatawa suna nasu a rediyonsu ba wanda ya hana su.

Malamin_Hausa_Kongo:
Ban ce kuskure ba ce, ɗana. Karin harshe ne, kuma ina alfahari da shi. Wanda aka je naɗa a ƙauye a bar shi ya yi da bakinsa, daɗin shirin ke nan. Amma mai karanta labarai ga Bakatsine da Bahaɗeje da Bagwari da Bakurmi da suke jin Hausa, gara ta tsaya a tsakiya inda kowa zai gane.

Maman_Hanifa:
Kun tafi batun Hausa kun bar yarinya. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, na yi shekara tara a wani ƙaramin asibiti ta wajen Kubau, kuma abin da zan faɗa maza ba za su gan shi ba. A gidaje da yawa waya ɗaya ce, tana aljihun maigida, shi kuma yana gona ko kasuwa. Matar da ke cikin gida rediyo ce abokiyar hirarta, tana surfe tana ji, tana tuyar ƙosai tana ji. Sau nawa mace ta zo awo na tambaye ta wa ya turo ki, ta ce a rediyo na ji an ce in ƙafa ta kumbura kuma kai yana ciwo kar a zauna. Wannan magana ɗaya ta ceci rayuka a gabana, don alamar hawan jinin masu ciki ce, mai kai mace ga jijjiga. Haka lokacin da aka yi ta ƙin allurar shan inna bayan jita-jitar 2003, ba takarda ce ta sauko da mutane ba, muryar malamai da sarakuna da iyaye mata ce da aka yi ta sawa, har Allah ya sa a 2020 aka tabbatar ainihin ƙwayar cutar ta bar ƙasar nan.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Masu fita naɗar murya kusan duk maza ne, kuma namiji iyakarsa zaure. Zai dawo da muryar mai gari da liman da sarkin noma, ya ce ya ji ta bakin jama'a. Ke kuwa sallama ɗaya za ki yi ki wuce har ƙuryar ɗaki. Matar da ta yi naƙudar kwana biyu ta kamu da yoyon fitsari, ba za ta taɓa gaya wa namiji baƙo ba. Ke za ta gaya miki, in kin zauna kin sha ruwan gidan kin ɗauki ɗanta. Ni don wannan kaɗai nake so ki karɓa.

'Yar_Tudun_Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Maman_Hanifa, wallahi maganarki ta sa ni hawaye, don yayar Mama haka ta rasu wajen haihuwa a ƙauye. Yaya Mai_Rakoda na rubuta tambayoyinka huɗu, na ƙara da ta Baba Injiniya ta biyar. Abin da ya rage shi ne na Baba, batun hanya. Shi ba kuɗin ne damuwarsa ba.

Ɗan_Fatika:
Kuma yana da gaskiya. Ni ɗan yankin ne, amma akwai hanyoyin da ko ni ba na bi bayan la'asar. Kar ki yarda a tura ki inda ba ki da ɗan gari. Ki fara da na kusa, Bomo, Dakace, Hunƙuyi, Maƙarfi, Maigana. Ranar kasuwa ki je, ki dawo da rana tsaka. Na can ciki kuma ai suna fitowa kasuwa da asibiti, a nan za ki same su.

Mai_Rakoda:
Ƙari a kan na Ɗan_Fatika: kar ki taɓa sanar a iska cewa mako mai zuwa muna ƙauye kaza. Sai kin dawo. Kuma wanda ya ba ki labarin 'yan bindiga, kar ki faɗi sunansa ko unguwarsa ko da shi ya ce ki faɗa, don su ma mutanen dajin suna da rediyo. Ni yanzu rabin muryoyin da nake sawa ta WhatsApp ake turo mini su. A kowane ƙauye ina da mutum ɗaya, malamin firamare ko mai shagon cajin waya, shi yake naɗa ya hau tudu inda sabis yake ya turo.

TsohonFurodusa:
Dabara ce mai kyau, ɗana, kuma na san tilas ce ta kawo ta. Sai dai ka lura, mai cajin waya zai naɗo wanda ya zo shagonsa ne. Dattijon nan mai tiya biyar ba zai zo ba. Ni ma ban same shi don na yi tambaya mai kyau ba, na same shi ne don na tsaya a gonarsa har ya ga ba sauri nake ba. A yi ta wayar inda hanya ta ƙi, amma inda ƙafa za ta iya zuwa, a je.

Manomin_Galma:
Ina bin ku tun ɗazu. Ni tumatir nake yi a fadama. A 2016 da tsutsar nan da muke kira sharon ta shigo, cikin 'yan kwanaki gona ta koma kamar an babbake ta, har gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Abin da ya ƙara kashe mu shi ne masu sayar da magani, kowa ya zo da kwalbarsa ya ce ita ce. Wasu ma a rediyon suka sayi fili suna talla. Na zuba kuɗin da na ajiye na auren ƙanwata a feshi, ko kwando ban ɗauka ba. Daga baya a wani shirin na ji masani yana cewa tsutsar cikin ganye take shiga, shi ya sa feshin sama ba ya isa gare ta, kuma yawan maimaita magani ɗaya ƙara mata tauri yake. Da na ji haka da wuri da ban yi asarar nan ba. To rediyo ɗaya ce ta cuce ni ta kuma wayar da ni. Ya danganta da wanda ke zaune a gaban makirfo.

Matashin_Kwangila:
To ai maganata ke nan, Manomin_Galma. In gidan da kansa yana sayar da fili ga mai maganin bogi, me yarinya 'yar wucin gadi za ta iya? Ni da za ta ji tawa, ta kama koyarwa, ta buɗe shafinta a Facebook ko YouTube, ta riƙa shirin matan karkara da kanta ba mai riƙe mata wuya. Tun 1992 aka buɗe ƙofa ga gidaje masu zaman kansu, in ta yi suna su da kansu za su neme ta.

Maman_Hanifa:
Ɗana, matar da nake magana a kanta ba ta da Facebook. Shirin zai yi kyau, 'yan birni su yaba, ita ba ta ji ba. Kuma masu zaman kansun ma ai talla suke bi, wane kamfani ne zai biya don a yi wa matar da ba ta sayen komai magana? Na gwamnati duk lalacewarsa, shi ne aka ɗora wa wannan nauyi, kuma da kuɗin jama'a ake riƙe shi.

Hajiya_Gyallesu:
Ni tambaya gare ni. Ba za a iya haɗa biyun ba? Makaranta ana tashi ƙarfe biyu, ga Asabar ga Lahadi. Shirin mako-mako ne ko na kullum?

'Yar_Tudun_Wada:
Hajiya, sau biyu ne a mako, minti talatin-talatin. Amma sun ce wanda ke sashen yakan taya karanta sanarwa da fassara sauran ranaku. Ban tambaya ko za su yarda in tsaya a shirin kaɗai ba.

Mai_Rakoda:
Ki tambaya, ba abin kunya ba ne. Da yawanmu haka muke, ni ma ina ɗaukar hoton biki ranar Asabar. Sai dai ki sani minti talatin na iska yana cin yini biyu: yinin fita, da yinin saurare da yanka da rubuta abin da za ki faɗa. Kuma ranar da aka zo tabbatar da ma'aikata, wanda ake gani kullum a ofis shi ake tunawa.

Abban_Sadiq:
In dai za a haɗa ɗin, to na janye rabin maganata. Amma kar ta saki makarantar sai ta ga takarda a hannu.

TsohonFurodusa:
'Yata, in kin je, ki roƙi a ba ki tsofaffin shirye-shiryen sashen na wata uku ki saurara kafin ki ba da amsa. Ki ƙirga muryoyi nawa ne na mutanen ƙauye, nawa ne na masu ofis, kuma cikin na ƙauyen nawa ne mata. Sannan ki gaya wa mahaifinki ina gaishe shi, in yana so mu yi magana ki turo mini saƙo ta gefe, ni ma 'ya'ya mata gare ni.

'Yar_Tudun_Wada:
In sha Allahu Baba, zan turo. Na karanta wa Mama abin da Anti Maman_Hanifa ta rubuta, ta yi shiru ba ta ce komai ba, amma ta ce Kawu ya raka ni ranar Litinin in je in yi tambayoyin. Makarantar kuma sun ba ni zuwa ƙarshen wata.

Ɗan_Fatika:
Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. In kin shiga, akwai wata kwalbati a hanyarmu da ruwa ya cinye damina biyu ke nan, masu naƙuda a kan amalanken shanu ake zagayawa da su. Ranar kasuwar Giwa zan iya kawo miki mata uku da abin ya faru a kansu.

Injiniya_Mai_Ritaya:
Kar ki manta da tawa tambayar. Kuma ba shugaban sashe za ki tambaya ba, ki nemi ɗakin injiniyoyi, ki ce awa nawa injin matsakaicin zango ya yi a kunne makon jiya.